Ƙwalamar Kare Daga Amfanin Gona: Misali Daga Gidajen Hausawan Gadarif

1.0 Gabatarwa

Kare ba dabbar da Bahaushe ke ɗora wa tukunya ba ne. A yawancin gidaje abincinsa shi ne abin da ya rage: ƙanzo, sauran tuwon jiya, dusa da aka dama da ƙasari, da ƙashin da aka gama tsotsa. Kalmomin da harshen ya tanada ma sun nuna haka, domin akwai kare da karya da kwikwiyo, akwai karen farauta da karen gida, amma babu wata kalma ta musamman da ke nufin ɗan abin da ake miƙa wa kare da hannu don a ja shi a jiki ko a saka masa in ya yi abin kirki. A wannan takarda an ari kalmar ƙwalama, wato ɗan abin taɓawa da ba shi ne ainihin abinci ba, aka ɗora wa wannan ma'ana.

A Turai sana'ar ta daɗe. Wajen shekarar 1860 wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya fara sayar da biskit na karnuka a Landan, wanda ya haɗa da garin alkama da kayan lambu da nama. Manomin da ke gefen kogin Rahad ba shi da kuɗin sayen irin wannan, kuma ba ya bukata, tunda abin da zai haɗa ta yana cikin rumbunsa. Takardar za ta yi bayanin abin da cikin kare ke iya sarrafawa daga tsirrai, da abin da ke yi masa illa ko ya kashe shi, da yadda ake haɗa ƙwalamar da kayan da ake nomawa a jihar Gadarif ta gabashin Sudan.

2.0 Gadarif da Hausawanta

Garin Gadarif yana kudu maso gabashin Khartum, tafiyar kimanin kilomita 400, kuma jihar ta yi iyaka da Habasha. Ƙasarta baƙar laka ce mai tsagewa da rani, mai riƙe ruwa da damina. Ruwan sama yakan sauka daga Yuni zuwa Oktoba, kuma ya fi yawa ta kudu. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a yankin Gadambaliya, daga nan jihar ta zama rumbun Sudan a wajen dawa da riɗi.

Hausawa sun iso waɗannan wurare ne ta hanyar aikin hajji a ƙasa, wasu kuma ta hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna a bakin kogin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar, garin da har yau ke amsa sunansa. Zuriyar waɗannan matafiya ta bazu zuwa Gadarif da ƙauyukan da ke gaɓar kogunan Rahad da Atbara, suna noma da su da ƙananan sana'o'i. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi littafi a 1999 a kan yadda Hausarsu ta cuɗanya da Larabci. A ɗakin girki ma cuɗanyar a bayyane take. Tuwon dawa shi ne asida, miya ita ce mulah, busasshiyar kuɓewa weka, dankalin Hausa bambai, riɗi simsim. Su kuma Sudaniyawa sun karɓi agashe daga hannun Hausawa, har ya zama tsiren ƙasar baki ɗaya.

A irin wannan wuri kare ma'aikaci ne. Yana kwana a bukkar gona lokacin da aka yanke riɗi aka jingina shi yana bushewa, yana korar birai daga gonakin bakin kogi, yana bin garken awaki. Shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa da yawancin mutanen Sudan ke bi, tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai kuwa bin umarni ne. Hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa sananne ne ga kowane ɗalibin zaure. Saboda haka ciyar da karen da mutum ya ajiye haƙƙi ne a wuyansa. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, jihar Gadarif ta karɓi ɗimbin 'yan gudun hijira, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban wannan shekarar, abinci ya yi tsada. Duk shawarar da za ta sa a cire nama daga bakin yara a ba kare, shawarar banza ce a can. Abin da ake magana a kai a nan shi ne kabewar da ta fara laushi, da ƙananan dankalin da ba su shiga kasuwa, da garin da ya rage a turmi.

3.0 Kare da Hatsi

Asalin kare daga kyarkecin ƙasashen sanyi ne, wanda nama ne abincinsa. Amma dubban shekarun da kare ya yi yana zaune da manoma sun sauya masa ciki. A 2013 Erik Axelsson da abokan aikinsa na Jami'ar Uppsala a Suwidin suka buga wani bincike a mujallar Nature, inda suka kwatanta ƙwayoyin gado na karnuka da na kyarketai. Sun gano cewa ƙwayar gadon da ke sa jiki ya samar da amilas, wato sinadarin da ke narkar da sitaci, guda 2 ce kawai a jikin kyarkeci, amma a jikin kare takan kai daga 4 zuwa 30. Ma'ana, kare yana iya cin tuwo ya amfana da shi. Sharaɗin shi ne sitacin ya dahu. Ɗanyen gari ko ɗanyen dankali yakan wuce hanjinsa ba tare da ya narke sosai ba, ya jawo kumburin ciki da zawo.

Har ila yau jikin kare yana iya juya sinadarin da ke ba kabewa da karas launin ruwan lemo ya mai da shi bitamin A, abin da kyanwa ba ta iya yi. Ba ya kuma bukatar bitamin C daga abinci, domin hantarsa tana yin nata.

Iya cin tuwo daban, rayuwa a kan tuwo kaɗai daban. Abin mamaki, da karnuka aka gano illar hakan ga ɗan Adam ma. A 1919 wani likitan Ingila, Edward Mellanby, ya tsare 'yan kwikwiyo a ɗaki yana ba su abincin da galibinsa hatsi ne, sai ƙasusuwansu suka yi laushi, ƙafafu suka lanƙwashe. Da ya ƙara musu man hantar kifi sai suka warke, kuma wannan aiki na cikin abin da ya kai masana ga bitamin D. A Amurka kuma, a shekarun 1920, Joseph Goldberger ya ciyar da karnuka irin abincin talakawan kudancin ƙasar, wanda masara ce kusan dukkansa, sai suka kamu da cutar da ake kira baƙin harshe: baki ya yi gyambo, yawu na dalala, ga zawo. Ita ce takwarar cutar felagara da ke kama mutane. A 1937 Conrad Elvehjem na Jami'ar Wisconsin ya warkar da irin waɗannan karnuka da sinadarin niyasin. An kuma ga felagara a Indiya a tsakanin talakawan da dawa ce kusan dukkan abincinsu. Ke nan karen da bai san komai ba sai gayan tuwon dawa, shekara da shekaru, yana cikin haɗari ko da cikinsa a cike yake. Yana bukatar ɗan abin da ya fito daga dabba: ƙwai, kindirmo, kan kifi da aka dafa aka cire ƙaya, dafaffen kayan ciki. Gyaɗa ma tana da niyasin mai yawa.

Ita kanta dawar ba ɗaya ba ce. Wasu irin, kamar wanda manoman Sudan ke kira Wad Ahmad, suna da sinadarin tanin mai yawa, shi ne mai sa bauri a baki, kuma yana riƙe furotin ya hana jiki cin moriyarsa. Irin da ake kira Tabat nasa kaɗan ne. Surfe da jiƙo da barin ƙullu ya yi tsami, kamar yadda matan Sudan ke yi wa ƙullun kisra, duk suna rage wannan matsala. Abin lura a nan shi ne tanin ya fi taruwa a dusa, dusar kuwa ita aka fi ba kare.

4.0 Abin da ke Cikin Miya

Babban haɗarin da ke cikin sauran abincin gida yana cikin miya, kuma sunansa albasa. Albasa da tafarnuwa da duk danginsu suna ɗauke da wasu sinadarai masu farar wuta da ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, su sa su fashe. Jinin mutum yana jure musu, na kare ba ya jurewa. Dafuwa ba ta kashe su, suya ba ta kashe su, shanya kuwa ƙara musu ƙarfi take yi tunda ruwa ne kawai ya fita. Wannan ya shafi Gadarif kai tsaye, domin miyar da ake kira tagaliya da soyayyar busasshiyar albasa ake yin ta, kuma maƙwabciyarta Kasala gari ne na albasa.

Likitocin dabbobi sukan fara jin tsoro idan kare ya ci albasar da ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyin jikinsa a zama guda. Ga karen ƙauye mai kilo 15, giram 75 ke nan, wato albasa ɗaya 'yar madaidaiciya. Kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa. Abin da ke ɓatar da mai kare shi ne alamun ba sa fitowa a ranar. Sai bayan kwana biyu ko uku, wani lokaci fiye, za a ga kare ya yi laushi, ya ƙi bin garke, yana haki ba tare da ya yi gudu ba, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi. A lokacin an manta da miyar bikin da aka juye masa, sai a ce an sa masa guba ne ko maciji ya sare shi, har a ɗora laifin a kan maƙwabci. Maganin abin a harshen gida gajere ne: a ba kare gaya, kada a ba shi miya. Ta haka an raba shi da barkono da gishiri da dunƙulen magi gaba ɗaya, waɗanda babu wanda yake bukata a cikinsu.

Na biyu ita ce tsamiya, wadda a Sudan ake kira aradeb. Tun wajen shekarar 2000 likitoci suka lura cewa inabi da zabibi suna kashe ƙodar wasu karnuka, amma an daɗe ba a gano dalili ba. A 2021 likitocin cibiyar kula da gubar dabbobi ta ƙungiyar ASPCA a Amurka suka nuna cewa ruwan tsamin da ake kira tartarik shi ne abin zargi, a 2022 kuma suka buga rahoton karnukan da ƙodarsu ta lalace bayan sun ci tsamiya. Tsamiya na daga cikin 'ya'yan itatuwan da suka fi kowanne yawan wannan sinadari. Saboda haka sauran kunun tsamiya da tsamiyar da aka matse aka zubar a bayan ɗaki ba na kare ba ne. Alamun su ne amai, ƙin abinci, daga baya fitsari ya ragu ko ya tsaya.

Na uku, wanda ya fi wuyar ganewa, shi ne hatsin da ya yi fumfuna. Al'ada ce in dawa ko gyaɗa ta lalace a ce a ba dabbobi. Wani nau'in fumfuna da ke kama gyaɗa da masara da dawa idan an adana su da danshi yana fitar da dafin da ake kira afalatoksin, mai cin hanta. An gano shi ne bayan 1960, shekarar da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Kare na cikin dabbobin da wannan dafi ya fi yi wa illa. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 karnuka fiye da 100 suka mutu a Amurka daga abincin kanti da aka yi da gurɓatacciyar masara. Mutane ma bai bar su ba, domin a Kenya a 2004 ya kashe mutum 125. Tafasa da gashi na gida ba sa karya shi. Don haka tunkuzar gyaɗa ko ta riɗi, wadda a kasuwannin Sudan ake kira umbaz, sai an duba ta da kyau: in tana warin ruma, ko ta yi kore-kore, ko tana ɗaci, a binne ta. Gyaɗar da aka tsince aka ware saboda ta yanƙwane ko ta yi baƙi, ita ce ta fi ɗauke da dafin, kuma ita aka fi watsa wa kaji da kare.

Sauran abubuwan a taƙaice suke. Goro da shayi da gahawa da cakulan suna ɗauke da sinadaran da ke sa zuciyar kare bugawa fiye da kima har ya yi farfaɗiya, don haka tukar goro da guntun jabana a zubar inda ba zai kai ba. Ɗanyen rogo da tsiron dawa suna fitar da gubar sayanayid. Dankalin Turawa da ya yi kore ko ya tsira, da ganyen tumatir da ɗanyensa, duk a kauce musu. Ɗanyen wake sai ya dahu luguf. Kwaɓin fulawa mai yis yakan ci gaba da tashi a cikin kare. Totuwar masara da ƙwallon mangwaro ba guba ba ne, amma sukan toshe hanji, kuma in sun toshe sai an yi aiki. In kare ya ci ɗaya daga cikin waɗannan, madara ko mai da ake ɗura masa ba su karya guba, ruwan gishiri don ya yi amai kuwa shi kansa yana iya kashe shi. A kai shi wurin likitan dabbobi tun alamu ba su bayyana ba.

5.0 Yadda Ake Haɗa Ta

Bayan an cire waɗancan, abin da ya rage yana da yawa: kabewa, dankalin Hausa, karas, kuɓewa, gurji, kankana da aka cire wa 'ya'ya, dafaffen wake, da ɗan dafaffen ganyen zogale. Mafi sauƙi ita ce ƙwalamar dankali. A wanke shi, a dafa shi ya nuna amma kada ya farfashe, a yanka shi dogo-dogo kaurin ɗan yatsa, a shanya a kan tabarma ko rufin kwano a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda. A ranar Gadarif ta watan Maris kwana biyu ko uku sun isa. Yakan yi tauri kamar ganda, kare ya daɗe yana tauna.

Ta biyu ita ce ta gari, wadda ta fi daɗewa kuma ta fi sauƙin ɗauka a aljihu zuwa gona. Ana bukatar garin surfaffiyar dawa giram 250, kimanin gwangwanin madara biyu da rabi ke nan, da dafaffiyar kabewa giram 250, da ƙwai ɗaya, da riɗi cokali uku na cin abinci, da garin busasshiyar kuɓewa cokali ɗaya. Ba gishiri, ba sukari, ba kanwa.

Za a dafa kabewar a ruwa kaɗan, a tsame, a murje ta. Ruwan da aka dafa ta kada a zubar. Da shi za a yi talge da kashi ɗaya cikin uku na garin, a bar shi ya dahu kamar za a yi tuwo, sannan a sauke a zuba sauran garin da kabewar a tuƙa. Dalilin talgen shi ne dawa ba ta da danƙon da alkama ke da shi, in aka kwaɓa ta da ruwan sanyi aka gasa sai ta ruguje a hannu. Talge da yauƙin kuɓewa da ƙwai su ne ke riƙe ta. Riɗin kuma sai an soya shi sama-sama an daka, in ba haka ba yadda ya shiga haka zai fita. In kwaɓin ya huce a fasa ƙwan a ciki a cuɗa. Ɓawon ƙwan ma yana da amfani: a tafasa shi, a shanya, a daka ya yi laushi kamar hoda, a barbaɗa, domin hatsi ba shi da isasshen sinadarin gina ƙashi.

Sai a shimfiɗa kwaɓin a faranti kaurin rabin ɗan yatsa, a yanka gida 40. Mai tanderu ko murhun gasa burodi zai gasa a matsakaiciyar wuta, awo 170, na kimanin minti 30. Wanda ba shi da shi sai ya yi amfani da doka, wato faifan ƙarfen da ake yin kisra a kai, ko kasko, a kan garwashin da ya lafa, yana juyawa. Bayan gashin a shanya a rana yini guda. Gwajin shi ne a karya ɗaya: in ta karye ƙaras ta bushe, in ta lanƙwashe da saura. Da rani takan yi mako biyu a cikin gwangwani mai murfi. Da damina a yi kaɗan, abin da zai ƙare cikin kwana uku ko huɗu, kuma kada a ɗaure ta a leda, domin leda na tara gumi, gumi na kawo fumfunar da aka yi bayani a sama.

Nawa za a ba shi? Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi ita ce ƙwalama kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini. Kare mai kilo 15 yana bukatar kalori wajen 850 zuwa 1,000 a rana, ya fi haka in yana bin garke tun safe. Kwaɓin da aka bayyana gaba ɗayansa yana da kalori kusan 1,200, wato kowane yanki 30. Yanka uku a rana ke nan, huɗu ga mai aiki. Riɗi ne ya fi komai nauyi a cikinsu, tunda kusan rabinsa mai ne, shi ya sa aka tsaya a cokali uku. Mai da yawa a lokaci guda yana sa kare zawo, wani lokaci ya kumbura masa wata gaɓa da ke taimakawa wajen narkar da abinci, ciwo mai tsanani. Ranar farko a ba shi yanki ɗaya a ga yadda bayan gidansa zai kasance. Kwikwiyo da tsohon karen da haƙoransa suka zube a jiƙa musu a ruwa ko kindirmo.

6.0 Karen da ke Zuwa In An Kira

Mai karatu na iya cewa wannan duk wahala ce a kan dabbar da ta saba da ƙanzo. Amfanin ƙwalama na gaske yana wajen sabo. Karen ƙauye da yawa yana da gida amma ba shi da wanda zai iya taɓa shi. Ana jefa masa abinci daga nesa, yara na jifansa, shi kuma ya koyi tsayawa inda dutse ba zai kai ba. Ran da ma'aikatan allurar haukan kare suka zo, irin wannan kare ba ya kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara na da yawa a cikinsu, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗauka. Hukumar ta ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, cutar takan daina yawo a tsakaninsu. Ba a kaiwa wannan adadi da karnukan da ke gudu in an miƙa hannu.

Kare yana haɗa lada da aikin da ya yi ne in ladan ya zo nan take, cikin daƙiƙa biyu ko uku. A kira sunansa, in ya zo a ba shi guntu, a maimaita safe da yamma. Bayan 'yan kwanaki a riƙa shafa wuyansa kafin a ba shi, daga baya a sa masa igiya na ɗan lokaci. Ba sai an ba shi yanki guda ba, ɗan ɓalli kamar ƙwayar gyaɗa ya isa, don haka yanka ukun nan za su yi kira goma sha. Babba ne zai fara wannan aiki, ba yaro ba, kuma da karen gida, ba baƙon kare ba. Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da yawu ko yana cizon abin da ya tarar, ba a matsarsa da komai a hannu. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Wannan sabo shi ne kuma ke ba da damar ba kare maganin tsutsar ciki, ta hanyar cusa ƙwayar a cikin ɗan dunƙulen dankali. A yankin da ake yanka raƙuma da tumaki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Huhu ko hantar da mahauci ya ga ƙulli mai ruwa a ciki ya yanke ya jefa wa kare, ita ce hanyar da wata 'yar ƙaramar tsutsa ke shiga hanjinsa. Ƙwayayenta su fito a kashinsa, su manne a gashinsa da ƙasar tsakar gida, yaro ya taɓa ya kai hannu baki, bayan shekaru a ga irin wannan ƙulli ya girma a hantarsa ko huhunsa, sai an yi masa aiki. Ana samun wannan cuta a Sudan, musamman ta hanyar raƙuma. Kayan ciki masu ƙulli a ƙone su ko a binne da zurfi, masu kyau kuma a tafasa su sosai kafin a ba kare. Romon da aka tafasa su, in ba a sa albasa ba, ya fi ruwan kabewa daɗin yin talgen.